Sanyin Hunturu A Cikin Mota: Abin Da Hita Ke Faɗa Game Da Lafiyar Inji

Idan hunturu ya kankama, watau tsakanin watan Disamba da na Janairu, ma'aikacin da ya fito da sassafe a Jos, ko Zariya, ko Kano, domin ya sauke yara a makaranta kafin ya wuce ofis, yakan tuna da wani maɓalli a gaban motarsa wanda ya shekara bai taɓa ba. Sai ya murɗa shi zuwa wajen jan layi, ya ƙara wa fanka ƙarfi, ya zauna jiran ɗumi. A motoci da yawa abin da zai fito iska ce mai sanyi, har da ƙura a kanta. Daga nan sai mai mota ya ja hula ya rufe kunnuwa, ya ce ai dama wannan kayan mutanen Turai ne, ya kashe zancen sai kuma baɗi.

Wannan sakaci yana da tsada. Hitar mota ba wata na'ura ba ce mai zaman kanta. Ruwan da ke sanyaya inji shi ne dai yake ɗumama cikin mota, kuma da yake hanyoyin ruwa na cikin hita sun fi na ko'ina ƙanƙanta, su ne kan fara toshewa idan ruwan ya ɓaci. Saboda haka hitar da ta daina ɗumi sau da yawa sallama ce tsatsa take yi, tana sanar da mai mota cewa ta riga ta shigo, kuma lagireto da inji su ne a gabanta.

Yadda abin yake aiki

Injin fetur ba ya juya ko da rabin ƙarfin man da ya sha zuwa tafiya. Kimanin kashi ɗaya cikin uku, ko ma ƙasa da haka, shi ne ke juya ƙafafun mota. Wani kashi ɗaya yana fita ta salansa, ragowar kuwa zafi ne da yake zama a jikin ƙarfe, wanda lalle sai an kwashe shi, in ba haka ba inji ya ƙone. Aikin ruwa ke nan. Famfon ruwa yana tura shi ta cikin ramukan da aka bari a jikin inji, ya ɗebi zafi, ya kai shi lagireto, iska ta fifita shi, ya komo.

A kan wannan hanya akwai wani ɗan ƙaramin mai gadi da kanikawa ke kira tamostat. Muddin inji yana da sanyi, yana rufe hanyar zuwa lagireto domin ruwa ya yi saurin ɗaukar zafi. Idan zafin ya kai gwargwado, galibi tsakanin digiri 82 da 92 a ma'aunin Selshiyas, sai ya buɗe. Murfin lagireto shi ma yana da nasa aikin bayan rufewa: yana riƙe ruwan cikin matsi, kimanin 13 zuwa 16 a irin ma'aunin da masu faci ke auna iskar taya, watau wajen rabin iskar tayar ƙaramar mota. Wannan matsi shi ke sa ruwan ba ya tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Ɗalibai sun san ruwa yana tafasa a digiri 100 a bakin teku, kuma yana tafasa tun kafin nan a kan tudu. A Jos, wadda ke bisa tsaunin da ya haura mita 1,200, a wajen digiri 96 yake tafasa. Motar da murfinta ya lalace ta fi shiga hatsari a can.

Ita kuwa hita ƙaramin lagireto ne, bai fi girman littafi mai kauri ba, an ɓoye shi a bayan dashbod. Tiyo biyu ne ke ratsa bangon ƙarfen da ya raba inji da mazaunin mutane: ɗaya yana kai masa ruwan zafi, ɗaya yana komar da shi. Fanka ta hura iska ta cikinsa, iskar ta ɗauki ɗumi ta shigo ɗaki. Ba ya cin fetur na daban, zafin da za a zubar ne ake mora. Ba kowace mota ce ke da wannan tsari ba. Volkswagen Beetle, wadda aka riƙa harhaɗawa a Legas daga 1975, iska ce ke sanyaya injinta, ba ta da lagireto ko kaɗan, daga jikin salansa take samun ɗuminta.

Inda ɓarnar take farawa

A shekarar 1975, lokacin da ma'aikata suka karɓi kuɗin Udoji, kuma kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara fitar da motoci, ƙaramin ma'aikaci ya soma mafarkin mallakar 404 ko 504. Tun daga wancan zamani wata al'ada ta zauna, har ta zama kamar doka: da safe a buɗe bonet, a ɗebo ruwa a buta, a cika lagireto. Ruwan rijiya ne, ko na famfo, ko na rafi idan ana kan hanya. Yau motocin sun sake, yawancinsu 'yan Kwatano ne da suka yi rayuwarsu ta fari a Turai ko Amurka, amma butar tana nan.

Illar ruwan zalla iri biyu ce. Ta farko, ruwa mai zartsi, irin na rijiyoyi da burtsatse da yawa, yana ɗauke da gishirin ƙasa wanda ke daskarewa idan ya sha zafi. Duk wanda ya leƙa gindin tukunyar mai shayi ya ga farin ɓawon nan da ke manne da ita. Irinsa ne ke taruwa a cikin inji, ya hana zafi ratsawa, ya kuma rage faɗin hanya. Ko ruwan leda bai kuɓuta daga wannan ba, domin an tace shi ne don sha, ba a raba shi da gishirinsa ba. Ta biyu ita ce tsatsa. A cikin inji guda akwai ƙarfe iri-iri. Injin 504, alal misali, gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, kansa kuwa alminiyam ne, ga kuma tagulla a tsofaffin lagiretoci. Idan ƙarafa mabambanta suka zauna cikin ruwa ɗaya mai zafi, ɗaya yakan ci ɗaya sannu a hankali. Abin da ya zagwanye ya zama laka ja, ta bi ruwa tana yawo, har ta sami wuri mai ƙunci ta kwanta. Bututun cikin hita kuwa wasu ba su kai kaurin tsinken ashana biyu ba.

Wannan ne dalilin ruwan nan mai launi da ake sayarwa a galan, wanda ake kira kulan. Mutane da yawa sun ɗauka maganin ƙanƙara ne kawai, don haka ba ruwan ƙasar zafi da shi. Gaskiya ne idan an gauraya shi rabi da rabi da ruwa ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifiri, abin da ba a taɓa gani a ƙasar Hausa ba. Amma a cikinsa akwai magungunan hana tsatsa, yana ɗaga matakin tafasar ruwa, yana kuma kare famfon ruwa daga zaizayewa. Magungunan suna ƙarewa. Tsohon samfuri, wanda galibi kore ne, yakan yi shekara biyu; na zamani yakan kai shekara biyar. Launi kaɗai ba shaida ba ne, littafin mota shi ke faɗin irin da ya dace, kuma gauraya iri biyu da ba su jitu ba kan haifar da dunƙulen laka mai yauƙi. A kasuwa kuma akwai ruwan da launi kawai aka zuba masa, sai mai saye ya lura.

Akwai kuma ɓarnar da ake yi da hannu. Lagireto na yoyo a kan hanya, sai a fasa ƙwai a ciki, ko a zuba garin barkono, ko garin taba, ko maganin toshe yoyo na gwangwani. Yoyon yakan tsaya, direba ya isa gida, amma abin da ya toshe ramin yoyo bai san bambancinsa da bututun hita ba.

Babbar ɓarna duka ita ce cire tamostat. Da wuya mota ta shigo daga waje ta kwana biyu a gareji ba a ba mai ita shawarar a cire shi ba, a kuma haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa tun daga tayar da mota, wai don ƙasarmu da zafi. Hujjar ba ta da ƙarfi. Tamostat mai lafiya a buɗe yake ɗungurungum idan inji ya yi zafi, ba ya tare komai. Idan mota tana tafasa, to, akwai dalili a wani wuri, ko lagireto ya toshe, ko fanka ta mutu, ko murfi ya saki, cire tamostat kuwa ɓoye cutar ne kawai. Injin da ba ya kai zafinsa yana saurin cinyewa, man injinsa yana saurin ɓaci, kuma a motocin zamani masu kwamfuta, na'urar takan ɗauka har yanzu inji bai farka ba, ta ci gaba da ƙara masa fetur. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, wannan ba ƙaramar asara ba ce ga mai jiran albashi. Hita kuwa a irin wannan mota ko an wanke ta sau goma ba za ta yi ɗumin kirki da asubar hunturu ba.

A bincika kafin a kwance

Ba kowace hita mai sanyi ce ta toshe ba, kuma binciken bai bukatar kayan aiki. Da fari, inji yana da sanyi, a duba yawan ruwa. A motoci da yawa hita tana sama-sama, idan ruwa ya ragu ita ce ta farko da za ta rasa. Sa'an nan a tayar da mota a bar ta ta yi zafi, a lura da allurar ma'aunin zafi. Idan bayan tafiyar minti goma sha biyar tana nan kwance a ƙasa, tamostat ya maƙale a buɗe ko kuwa babu shi.

Idan allura ta hau tsakiya, sai a kai maɓallin hita ƙarshen zafi, a buɗe bonet, a taɓa tiyo biyun nan da hattara, nesa da fanka da bel. Idan duka biyu suna da zafi, ruwa yana wucewa, laifin yana wajen ƙofar da ke karkatar da iska a cikin dashbod, ko wayar da ke jan ta. Idan ɗaya yana da zafi ƙwarai ɗaya kuwa da sanyi ko ɗumi-ɗumi, hita ta toshe, ko kuma famfon da ke buɗe mata ruwa, a motocin da ke da shi, ya ƙi buɗewa. Wani lokaci ma mai mota zai tarar an cire tiyo biyun daga bango an haɗa su da juna. Wani bakanike ne ya riga ya yanke hukunci, watakila tun a hannun mai motar na farko, kuma galibi yoyo ne ya sa. Irin wannan hita sai an gwada ta da ruwa a waje kafin a mayar da ita aiki.

Wankin kansa

Sharaɗi na farko shi ne inji ya huce sarai. Wanda ya buɗe murfin lagireto da zafi, ruwan da matsi ya hana tafasa zai tafasa nan take, ya yi tsiri ya wanke masa fuska da hannu.

A sa roba a ƙasa don tarar ruwa, a sassauta zoben ƙarfen da ke ɗaure da kowane tiyo, a murɗa tiyon a hankali har ya saki. Wurin nan yana son haƙuri, domin bakin bututun hita a motocin zamani roba ce ko alminiyam marar kauri, idan ya karye aikin ya koma kwance dashbod. A yi wa tiyo biyun alama don kada a juya su. Sa'an nan a samo tiyo mai tsabta guda biyu, mai haske ya fi don a ga abin da ke fita, a cusa a bakunan, ɗaya ya nufi bokiti.

Sirrin aikin shi ne a tura ruwa ta baya, watau ta bakin da ruwa ya saba fita, domin laka ta koma ta hanyar da ta shigo. Ruwan farko yakan fito ja kamar na kududdufi, da ɓarɓashi a ciki. A ci gaba har ya yi fari, a juya ta ɗaya bakin, a sake juyawa, sau uku ko huɗu. Ba a bukatar ƙarfi. Jarka da aka ɗora bisa wani abu mai tsawo, ko famfon gida da aka buɗe kaɗan, sun isa. Abin gudu shi ne injin wankin mota, wanda matsinsa ya haura 1,000, da injin iskar mai faci, wanda kan wuce 100. An ƙera hita ne don ta ɗauki abin da bai fi 16 ba da yawa, kuma tsohuwa ce, tsatsa ta riga ta ci jikinta. Yaran gareji suna son wannan hanya saboda sauri, amma mai mota ne zai biya.

Idan ruwa ya ƙi wucewa sosai, ɓawon gishiri ne, shi kuwa tsami ke narkar da shi. Ana iya cika hitar da maganin wankin lagireto na kanti, ko farin binega, ko ɗan tsami irin wanda ake sa wa zoɓo, cokali biyu ko uku a lita guda ta ruwan ɗumi, a bar shi kamar rabin sa'a, kana a ɗauraye sosai har ba sauran tsami. Kada a kusanci soda mai cin hannu irin ta masu yin sabulu, domin tana cin alminiyam, haka ma ruwan batir mai guba. Garin sabulun wanki, wanda wasu ke zubawa, kumfa yake yi, ba ya narkar da ɓawo, kuma fitar da shi duka aiki ne.

Wanke hita kaɗai a bar sauran laka a inji aikin banza ne, kafin wata biyu ta komo. Don haka sai a mayar da tiyo, a kwance magudanar da ke gindin lagireto ko babban tiyo na ƙasa, a zubar da tsohon ruwa duka. A cika da ruwa mai tsabta, a bar hita a buɗe, a tayar da inji har babban tiyo na sama ya yi zafi, alamar tamostat ya buɗe ke nan, a kashe, a jira ya huce, a zubar. A maimaita har ruwa ya fito garau. Yini guda ne na Asabar, yawancinsa jira. A wannan zama ne ya kamata a mayar da tamostat idan babu, a sake murfin da robarsa ta tsage, a sake duk tiyon da ya kumbura ko ya yi laushi, a kuma wanke fuskar lagireto ta waje, wadda ƙurar hunturu da ƙwari suka liƙe.

Wajen cikawa ta ƙarshe, ƙananan motoci galibi suna ɗaukar lita 5 zuwa 8. Da yake wani ruwan wanki yakan maƙale a cikin inji, idan kulan ɗin mai kauri ne wanda ba a sirka ba, sai a fara zuba rabin adadin da littafi ya faɗa, a cike da tataccen ruwa, watau farin ruwan nan marar gishiri da ake ƙara wa batir, ba mai gubar ba. Idan kuwa an rubuta a galan cewa an riga an sirka, ba a ƙara masa ruwa.

Saura fitar da iska, kuma a nan ne aiki mai kyau yakan lalace. Iskar da ta maƙale a hita tana hana ruwa shiga, mai mota ya ce wanki bai yi ba; wadda ta maƙale a kan inji kuwa tana iya ƙona gasket. Motocin Peugeot da wasu na Turai suna da ƙananan noti na fitar da iska, a kwance su har ruwa ya fito ba kumfa. A sauran, a tsayar da mota gabanta na kallon tudu, a bar murfi a buɗe, inji na aiki a hankali, ana ƙara ruwa har kumfa ta ƙare. Washegari da safe a sake dubawa. Idan ana jin ƙarar ruwa na ɓulɓula a bayan dashbod, da sauran iska.

Tsohon ruwan da aka tara guba ne. Sinadarin da ke cikin yawancin kulan yana da zaƙi a baki, yana kuwa kashe ƙoda. Akuya, kare, kaji, har ƙaramin yaro suna iya sha. Ba a barin sa a buɗe a tsakar gida, ba a zuba shi a kwata ko kusa da rijiya, ba a kuma ajiye shi a gorar lemo.

Abin da wanki ba ya gyarawa

Idan ana jin wani wari mai zaƙi-zaƙi a cikin mota, ko gilashin gaba yana yin hazo mai maiƙo da zarar an kunna fanka, ko shimfiɗar ƙasa ta gaba tana jiƙewa, hita ta huje. Wani lokaci ma lakar ce ke toshe ramin, wanki ya tone shi. Maganinta sauyi ne, kuma a motoci da yawa sai an sauke dashbod gaba ɗaya, kuɗin aiki ya fi kuɗin kaya. Haɗe tiyo biyun a kewaye ta dabara ce mai kyau don a isa gida ko a jira ƙarshen wata, inji ba zai cutu ba. Haka kuma idan man inji ya koma kamar madara, ko farin hayaƙi mai kauri yana fita ta salansa bayan inji ya yi zafi, ko kumfa ba ta ƙarewa a lagireto, batun ya wuce hita, gasket ne, sai babban gyara.

Wanda ya zaɓi ya zauna ba hita ya san abin da ya bari. Ba ɗumin asuba kaɗai ba ne. Da damina, idan ruwa ya tsuge da dare, mutane biyar suna numfashi a mota rufe, gilashi yakan yi hazo har direba ya koma goge shi da hula yana tuƙi. Iskar hita, musamman tare da na'urar sanyi wadda ke tsotse laima, ita ke share gilashin cikin ɗan lokaci. Sa'an nan tsofaffin direbobin da ke hawa Hawan Kibo, a hanyar Akwanga zuwa Jos, sun san wata dabara: idan allura ta fara hawa a tsakiyar tudu, a kashe na'urar sanyi, a buɗe hita da fanka har ƙarshe, a sauke gilasai. Fasinja za su yi gumi, amma ƙaramin lagireton nan zai ɗebe wani kaso na zafin, ya ba direba damar kaiwa inda zai tsaya lafiya ya bar inji ya huce.

A motocin da ke da famfon rufe wa hita ruwa, ruwan cikinta yakan kwanta wata goma ba motsi, laka ta sami wurin zama. Kanikawan da suka san aikin sukan ba da shawarar a riƙa buɗe ta minti goma sau ɗaya a wata, ko da a tsakiyar bazara ne. Lokacin da ya fi dacewa da babban wanki kuwa shi ne watan Oktoba ko farkon Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa, kafin iskar gabas ta taso.